Ko Dabarar Talla Tana Da Mai Ita? Mas'alar Da Ta Raba Alƙalan Amurka

  

Ku sani, ya 'yan'uwa, akwai wata mas'ala da ta hana alƙalan ƙasar Amurka sakat yau kusan shekara 30, har yanzu kuwa masana shari'arsu ba su haɗu a kan magana guda ba. Mas'alar ita ce wannan: idan mutum ya tsara hanyar bin sawun masu kallon talla a intanet, ya ƙidaya su, ya rarrabe wanda ya duba ya wuce da wanda ya tsaya ya saya, shin yana da ikon tafiya wurin hukuma ta rubuta masa takarda cewa wannan hanya tasa ce shi kaɗai, duk wanda ya bi ta sai ya biya shi? Ko kuwa tsohuwar hikimar kasuwa ce wadda kowane dillali ya gada, aka ɗinka mata sabuwar riga?

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. A shekarar 2024 kaɗai kamfanin Google ya sami fiye da dala biliyan 260 daga talla, kamfanin Meta kuma, mai Facebook da Instagram, ya sami fiye da biliyan 160. A cikin wannan tarin dukiya akwai kuɗin mai atamfa na Kantin Kwari da na mai turaren wuta na Maiduguri, waɗanda ke biya domin a nuna hoton kayansu a wayoyin mutane. Wanda kuɗinsa ke cikin ciniki kuwa, lalle ya kamata ya san yadda ake awo a cikinsa.

Fasali na farko: takardar ƙirƙira da iyakarta

Takardar ƙirƙira wani ƙulli ne tsakanin hukuma da mai fasaha. Hukuma ta ce masa: bayyana asirin abin da ka ƙago a rubuce, filla-filla, yadda gwanin wannan sana'a zai karanta ya yi irinsa, mu kuma za mu hana kowa ƙera shi ko sayar da shi ba da izininka ba, har shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙatarka, wa'adi na cika, ya zama na jama'a duka. Watau kowane ɓangare ya bayar ya karɓa. Mai fasaha ya ci kasuwa shi kaɗai na ɗan lokaci, jama'a suka sami ilmi har abada. Amurka ta kafa dokarta ta farko a kan wannan a shekarar 1790, zamanin shugabansu na fari, George Washington. Malaman fiƙihu na zamani ma sun duba asalin al'amarin, domin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ne mai ƙima, ba ya halatta a keta shi. Saboda haka asalin haƙƙin ya tabbata. Gardama tana kan iyakarsa ne: me ake kira ƙirƙira?

Dokar Amurka ta sa sharuɗɗa: abin ya zama sabo, ya zama mai amfani, kuma kada ya zama abin da kowane gwanin sana'ar zai hango da kansa. Bayan waɗannan, alƙalansu sun keɓe abu uku da ba a mallaka ko da wa ya fara gano su: ƙa'idodin da halitta ke tafiya a kansu, da abubuwan da ake samu a halitta, da tunani tsagwaro wanda bai shiga jikin kome ba. Almajirin nahawu ya san bambancin sunan zati da sunan ma'ana. To, nan ma haka ne. Garmar da maƙeri ya ƙera da wani sabon lanƙwaso zati ce, ana iya ba shi takardarta. Noma kuwa ma'ana ce, ba a ba kowa.

Misalai biyu sun isa. Samuel Morse, mai wayar tangaraho, an tabbatar masa da takardar na'urarsa, amma da ya nemi a ce duk wata hanya ta aika rubutu nesa da ƙarfin lantarki tasa ce, ko da wace na'ura aka yi, sai Kotun Ƙoli ta ƙi masa a 1854. Sa'an nan a 1908 wata kotun ɗaukaka ƙara a Niyu Yok ta duba takardar wani tsari da aka yi domin hana masu kai abinci a otal cin kuɗin maigida: a ba kowane yaro takardu masu lambarsa, a rubuta abin da ya ɗauka daga kicin, da dare a gwada da abin da ya kawo. Kotu ta soke takardar, ta ce wannan lissafin 'yan kasuwa ne wanda aka sani tun da daɗewa. Daga nan aka ɗauka shekara da shekaru cewa hanyar ciniki ba ta shiga takardar ƙirƙira.

Fasali na biyu: yadda ake bin sawun mai kallo

Son sanin wane talla ne ya jawo ciniki ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Mace mai ƙosai takan aika yarinya ɗaya wannan unguwa, ɗaya waccan, da hantsi ta ga wadda ta komo da faranti wayam, gobe ta san inda za ta ƙara kaya. Fatoma ya san baƙon da ke neman goro da wanda ke neman kanwa, ba ya kai wa wannan kayan wancan. Attajiran Amurka masu sayar da kaya ta gidan waya, tun farkon ƙarni na 20, sukan sa lamba dabam a tallan kowace jarida, idan wasiƙun masu saye suka zo sai su ƙidaya lambobin, su san jaridar da ta biya kuɗin tallanta.

A watan Oktoba na 1994 aka fara liƙa hotunan talla a wani shafin intanet mai suna HotWired. A wannan shekara kuma wani ma'aikacin kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙago abin da suke kira kuki, watau wata 'yar shaida da shafi ke ajiyewa a na'urar mai ziyara, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniya shaida a kunne, domin in ya komo a gane shi. Da kamfanonin talla suka baza irin wannan shaida a dubban shafuka, sai ya zama suna iya bin mutum daga rumfa zuwa rumfa: jiya ya duba takalmi, yau ya karanta labarin ƙwallo, gobe yana tambayar kuɗin jirgi. A yau, mutum na buɗe shafi ake yin gwanjo a kansa kafin ƙiftawar ido. Na'ura ta yi shela cewa ga wani mai waya a gari kaza, mai sha'awar abu kaza, masu talla su taya, a nuna masa tallan wanda ya ci gwanjon. Sa'an nan a rubuta: ya gani, ya latsa, ya saya. Har da mas'alar da dillalai suka saba rigima a kanta, watau wa ke da la'ada, wanda ya fara jawo mai saye ko wanda ya ƙulla cinikin a ƙarshe, ita ma akwai na'urorin da ke yanke ta. Waɗannan hanyoyi su ne ake neman mallaka.

Fasali na uku: ƙofa ta buɗe

Amurka tana da kotun ɗaukaka ƙara guda a Washinton wadda dukan ƙarar takardun ƙirƙira ke bi ta kanta. A shekarar 1998, cikin shari'ar bankin State Street da kamfanin Signature, wannan kotu ta ce babu wata ƙa'ida da ta hana mallakar hanyar ciniki, muddin dai tana haifar da sakamako mai amfani wanda ake gani a zahiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1999 aka ba Amazon takardar saye da latsawa ɗaya, ya kuma kai ƙarar abokin hamayyarsa Barnes & Noble, kotu ta dakatar da su daga yin irin haka. A wannan shekara aka ba DoubleClick takardar hanyar kai talla ga wanda ya dace da auna sakamakonsa, shi ma ya kai ƙarar wasu masu sana'a irin tasa har aka sasanta. A 2001 aka ba kamfanin GoTo, wanda ya koma Overture, takardar yin gwanjon gurbin talla a cikin amsar masu bincike. Ya kai ƙarar Google a 2002, Yahoo ya saye shi a 2003, a 2004 kuma Google ya ba Yahoo hannun jari miliyan 2.7 domin kashe wannan ƙara tare da wata rigima da ke tsakaninsu.

Manya sun iya biyan manya. Masifar ta faɗa wa ƙanana ne. Sai ga waɗansu kamfanoni sun fito waɗanda ba su ƙera kome, ba su sayar da kome, sana'arsu kawai sayen tsofaffin takardu masu faɗin lafazi, su kwanta da su kamar 'yan fashi a bakin hanya, su aika wa mai ƙaramin shago wasiƙa: shafinka yana bin hanyarmu, ko ka biya ko mu haɗu gaban alƙali. Kare kai a irin wannan shari'a a Amurka yakan ci miliyoyin daloli, saboda haka da yawa sukan biya ko da sun san gaskiya tana tare da su. Takardar da aka yi domin ƙarfafa maƙeri ta zama sandar karɓar kuɗin fito a kogin da ba wanda ya haƙa.

Fasali na huɗu: ma'aunin Kotun Ƙoli

Kotun Ƙoli ta fara jan linzami a 2010, a shari'ar Bilski, inda ta ƙi ba da takarda a kan hanyar kare kai daga hawa da saukar farashi, ko da yake ba ta rufe ƙofar hanyoyin ciniki baki ɗaya ba. Hukuncin da ya juya al'amari shi ne na watan Yuni 2014, tsakanin kamfanin Alice na ƙasar Ostareliya da bankin CLS. Takardar Alice tana magana ne a kan mutum biyu masu musayar kuɗi, kowa na tsoron ya bayar ɗaya ya ƙi cikawa, sai a sa na uku a tsakani ya riƙe lissafi, kada ya saki na wannan sai na wancan ya cika. Bambanci kawai, na ukun kwamfuta ce. Duk wanda ya taɓa sayen gida ko shanu ya san amintaccen da ake ajiye kuɗi hannunsa. Alƙalai tara suka haɗu a kan soke takardar, mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta hukuncin.

Ma'aunin da suka kafa tambaya biyu ne. Ta farko: shin zuciyar abin da ake da'awa tunani ne tsagwaro? Idan amsa i ce, sai ta biyu: shin an ƙara masa wata fasaha ta gaske wadda ta mai da shi wani abu dabam? Suka kuma ce faɗin "a yi shi da kwamfuta" ba ƙari ba ne. Watau wanda ya ɗauki lissafin da ake yi a allo ya mai da shi cikin na'ura, bai ƙago lissafi ba.

Takardun talla su suka fi shan wannan wuƙa. Dubi shari'ar Ultramercial. Takardarsa ta ce: a nuna wa mutum talla, ladan kallonsa a bar shi ya ga fim kyauta, mai talla ya biya mai fim, an jera wannan cikin mataki 11. Kotun Washinton ta tabbatar da ita a 2011, Kotun Ƙoli ta mayar mata da hukuncin ta sake dubawa, ta sake tabbatarwa a 2013, aka sake mayarwa bayan hukuncin Alice, sa'an nan a Nuwamba 2014 ta soke ta, ta ce yawan matakai ba ya mai da tsohon ciniki sabuwar fasaha. A 2015, cikin shari'ar Intellectual Ventures da bankin Capital One, ta ce daidaita abin da ake nuna wa mutum da inda yake ko lokacin da ya zo tsohon abu ne, domin jaridu sun daɗe suna cusa takardar talla dabam ga kowace unguwa. A 2016, cikin shari'ar Electric Power Group, ta kafa ƙa'idar da ta fi kowace shafar mas'alarmu: tara labari, da nazarinsa, da nuna sakamakonsa, duka tunani ne tsagwaro. A bisa wannan turba aka soke takardar Customedia a 2020, da ta Free Stream Media a 2021, wadda ke aika talla wayar mutum gwargwadon abin da yake kallo a talabijin, da wata ta IBM a 2024, cikin rigimarsa da Chewy mai sayar da kayan dabbobin gida, a kan zaɓen talla daga amsar bincike. A 2025 kuma, cikin shari'ar Recentive da Fox, ta ce ɗauko sananniyar hanyar na'ura mai koyo a ɗora ta kan sabon aiki bai isa ƙirƙira ba. Ofishin da ke ba da takardun ma, cikin jagorar da ya ba ma'aikatansa a 2019, ya lissafa talla da sayarwa cikin hanyoyin tsara al'amuran mutane waɗanda asalinsu tunani ne tsagwaro.

Amma fa ba duka aka share ba. A Disamba 2014, wata guda bayan Ultramercial, kotun nan ta tabbatar da takardar DDR Holdings a rigimarsa da Hotels.com. Matsalar da takardar ta warware ita ce mai shafi yakan rasa baƙonsa da zarar ya latsa tallan wani, domin nan take za a ɗauke shi a kai shi can. Dabarar DDR ta haɗa sabon shafi mai kamannin na maigida, da kayan mai talla a ciki. Alƙalai biyu suka ce wannan cuta ce da aka haifa a intanet, maganinta ma na intanet ne. Na ukunsu, mai shari'a Mayer, ya saɓa, ya ce ai wannan shi ne mai kanti ya ba wani gefen kantinsa ya kasa kaya. Abin da ya fito daga jimlar hukunce-hukuncen shi ne: wanda ya gyara yadda na'ura ke aiki yana iya samun takarda, wanda kuwa ya yi amfani da na'ura domin ya gyara cinikinsa ba ya samu.

Fasali na biyar: hujjar kowane ɓangare

Masu sukar hukuncin Alice suna da hujja uku, kuma ba na banza ba ne. Ta farko, Kotun Ƙoli ba ta fassara tunani tsagwaro ba, ta bar kowane alƙali da ganinsa; shaida kuwa ga DDR da Ultramercial, kotu guda, wata guda tsakani, hukunci biyu. Ta biyu, kowace ƙirƙira in ka yi ta fere ta za ka mai da ita ma'ana. Ko keken ɗinki sai a ce ai ɗinki ne aka sa wa ƙarfe. Ta uku, ƙaramin mai fasaha ba shi da makami gaban babban kamfani in ba takarda ba. Ya nuna dabararsa, a kwaikwaya, a bar shi da hamma. Saboda wannan ne 'yan majalisar dattawa biyu, Thom Tillis da Chris Coons, suka kawo shirin doka a 2023, suka sake kawo shi a 2025, domin a kawar da ma'aunin Alice. Shirin ya ce hanyar da asalinta ciniki ce ba ta samun takarda, sai fa in ba ta yiwuwa a aikace ba tare da na'ura ba. Mai hankali ya ga inda wannan togiya ta nufa: gwanjon da ake gamawa kafin ƙiftawar ido ba ya yiwuwa da hannu, ashe ke nan ƙofar talla za ta sake buɗewa.

Abin da na rinjayar shi ne alƙalai sun dace da asali, ko da ma'auninsu yana da gargada. Idan aka ce: ai wahala ce aka sha wajen gina waɗannan na'urori, sai mu ce: wahala tana da lada, amma ladanta yana kan abin da aka gina. Rubutun da injiniya ya yi wa kwamfuta yana da kariyar haƙƙin mawallafi, sabuwar hanyar da ta sa na'ura ta fi sauri ko ta fi tsaro tana da takardarta. Abin da aka hana shi ne mutum ya mallaki manufa, ya ce sanin mai saye da kai masa abin da yake so nawa ne, ko ta wace hanya aka bi. Wannan ita ce da'awar Morse da aka ƙi tun 1854. Wanda ya haƙa rijiya, rijiyarsa tasa ce. Ba ya hana maƙwabci haƙa tasa da hujjar shi ya fara tunanin ruwa yana ƙasa. Idan kuma aka ce ƙanana za su cutu, sai mu ce ƙananan da wasiƙun 'yan kwanto suka tatsa su ma ƙanana ne, kuma sun fi yawa. Ƙasashen Turai tun yarjejeniyarsu ta Munik ta 1973 suka fitar da hanyoyin ciniki, a kan kansu, daga abin da ake mallaka, ofishinsu ma ya ƙi ba Amazon takardar latsawa ɗaya, kasuwarsu kuwa ba ta mutu ba.

Tanbihi: takardar ƙirƙira ba ta ƙetare iyakar ƙasar da ta ba da ita. Ta Amurka ba ta hawa kan ɗan kasuwar Kano a Kano. Nijeriya tana da dokarta ta 1970, Nijar da Chadi da Kamaru kuma suna cikin ƙungiya guda mai hedkwata a Yawunde bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Abin da ya haɗa mu da shari'ar Amurka shi ne rumfunan da muke kasa tallanmu a ciki na kamfanoninsu ne.

Fasali na shida: mudun da ba a gani

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin an gudu ba a tsira ba. Soke takardu ya kori 'yan kwanto da dama, amma bai raba kasuwa ga jama'a ba. Ƙarfin manyan kamfanoni yau yana cikin abu biyu da ba su bukatar takardar hukuma: tarin labarin biliyoyin mutane da ke hannunsu, da asirin hanyoyin da suke nazarinsa. Google ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, cinikin ya kammala a 2008. Takardar 1999 wa'adinta ya cika tuni, amma gidan da aka gina yana nan. A watan Afrilu 2025 mai shari'a Leonie Brinkema ta kotun tarayya a jihar Birjiniya ta yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba a kasuwa biyu na na'urorin talla: wadda masu shafuka ke sarrafa gurabensu da ita, da dandalin da ake gwanjon. A harshen kasuwa, mutum guda ne dillalin mai sayarwa, shi ne mai filin gwanjo, yana kuma da hannu a wajen masu saye.

Sa'an nan shi ne mai mudu. Ɗan kasuwa ya biya, aka aiko masa da lissafi cewa mutum dubu kaza sun ga tallanka. Wa ya ƙidaya? Wanda ya karɓi kuɗin. Wannan ba zato ba ne kawai. A 2016 Facebook ya yarda cewa wajen shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da mutane ke kallon hoto mai motsi, domin wajen rabawa ba ya lissafa waɗanda suka kalla ƙasa da daƙiƙa 3. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 40, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Kada a ce maganin wannan shi ne a mayar da takardun, tun da takarda tana tilasta bayyana asiri. Takarda tana bayyana yadda aka sassaƙa mudu. Ba ta shaida cewa mudun da aka auna maka yau cikakke ne. Abin da ke tsare awo shi ne mai duba wanda ba ya cin riba a cinikin, kamar yadda sarkin kasuwa ke bi yana gwada mudun ma'auna. Turawa sun san wannan sarai. A 1914 masu talla da masu jaridu na Amurka suka kafa hukumar da ke binciken yawan jaridun da ake sayarwa da gaske, domin kowace jarida tana ƙara wa kanta. Bayan abin da ya faru, a 2017 Facebook ya yarda majalisar da ke tantance ma'aunan kafofin labarai ta binciki lissafinsa. Tarayyar Turai kuma, cikin dokar kasuwannin intanet ta 2022, ta wajabta wa manyan kamfanoni su ba masu talla kayan awo da bayanan da za su bincika da kansu, kyauta. Wannan ita ce hanyar da ta dace hukumomin ƙasashenmu su nema wa 'yan kasuwarsu, domin kuɗinmu ba su fi na Bature arha ba.

Kafin wannan ta samu, ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, riƙe mudunka. In za ka sa talla, fara da kaɗan. Duk wanda ya zo saye ka tambaye shi inda ya ji labarinka, ka rubuta a littafi. Ka sa wata kalma ko wata lamba dabam a kowane talla, yadda attajiran gidan waya suka yi shekara ɗari da suka wuce. Ƙarshen wata ka gwada littafinka da lissafin da kamfani ya aiko. Yawan masu gani ba ya cika aljihu, masu saye ke cika shi. Wannan dabara alƙalan Amurka sun riga sun shaida ba ta da mai ita, ba kuwa wanda zai aiko maka da wasiƙa a kanta.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu daga tauye mudu, mu tauye ko a tauye mana.